Masu ƙara wa tsohuwar mota ƙarfi, wa ya duba ƙasan moter?

Tun da muka yi shiri kan motocin kasuwa, maganar da direbobi suka fi kirana a kanta ita ce turbo. Kowa so yake tsohuwarsa ta hau tudun rairayi da lodin kanwa da buhunan hatsi ba tare da ta yi nishi ba. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya san yashin ƙauyukan Gidigir, da zarar an sauka daga kwaltar Damagaram zuwa Gure, ya san ƙarfi ba ado ba ne. Amma ko mutum ɗaya bai tambaye ni abin da ke ɗauke da wannan ƙarfin ba.

A can ƙasan moter akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe, makanikanmu na ce masa vilbrekin, ƴan Najeriya kuma karanshaf. Duk bugun da fistan ya yi, a kansa yake sauka. Shi kuwa kwance yake kan matasai, wato paliye, kowanne da murfinsa da aka ɗaure da bulon. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe babu komai sai ɗan mai da kaurinsa bai kai na silin gashi ba. To in ka sa turbo, ko ka buɗe pompo ya ƙara gazuwal, bugun ya ƙaru, murfin nan kuwa na jiya ne. Sai ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ramin ya daina zama da'ira, mai ya tsere, kusine ya cinye. Ranar da moter zai buga ba ya sallama, kuma ba a gaban garaji yake yi ba. A daji yake yi, da mata da yara da tumaki a baya, rana tsaka.

Su kansu masu ƙera motocin sun bi ta nan. Peugeot 404 ta fito a 1960 da paliye 3, bayan ƴan shekaru kamfanin ya mayar da su 5. Land Cruiser mai moter 1HZ, wadda ta fito a 1990, paliye 7 gare ta, kuma murafen a haɗe suke cikin ƙarfe guda mai kamar tsani. Shi ya sa take da jimiri. Duk da haka ba da turbo aka yi ta ba, a tuna da wannan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne gyaran "mu lallaɓa". A goge murfi da zarto don ya matse, ko a cusa yankin gwangwani bayan kusine, a ɗaure bulon da dogon bututu har sai yaron shago ya ce hannunsa ya gaji. Wallahi wannan ba ƙarfafawa ba ce. Kowane murfi da wurinsa da fuskar da yake kallo, galibi ma da lamba a jikinsa. In aka sauya musu wuri an gama da vilbrekin. Bulon ɗin wasu motoci miƙewa yake in an ɗaure shi, don haka sai an auna tsohon kafin a mayar, ko a sa sabo. Ɗauri kuma da kile mai awo ake yi, daga tsakiya zuwa gefe, sannu-sannu. In an canza murfi, ko an ƙara faranti mai haɗe murafen, dole a kai bulok wurin masu injin gyaran ƙarfe a daidaita ramukan su hau layi ɗaya. Eh, tafiya ce, Damagaram ko ma Kano, ga kuɗin mota, ga kwanakin da ba a yi lodi ba. Na sani.

Alhaji mai mota, kai ma da naka. Ka biya kuɗin turbo ba ka yi ciniki ba, da malam makanike ya ce a sauke karter a duba ƙasa sai ka ce yana neman cin kuɗinka. Motar nan fa ita ce gonarka, da ita ake cefane.

Kafin a rufe moter, ka tsaya a juya vilbrekin da hannu a gabanka, tun ba a sa fistan ba. In ya juya sumul, madalla. In ya cije a wani wuri, a kwance a sake. Bayan an tayar kuma, ka bar moter ya yi zafi sosai, ka ga ko fitilar mai tana ƙyaftawa in mota na tsaye.