MASAUKINA NA FARKO A BIRNIN SHEHU

Ni dai a ganina, unguwar da mutum ya fara sauka a babban birni ita ce birnin a wurinsa har ya tsufa. Ka ce Sakkwato, wani ya tuno da kwaltar Ahmadu Bello Way, wani Gawon Nama. Ni ba abin da ke faɗo mini sai lungunan Ƙofar Dundaye.

'Yar Bakori ce ni. Kafin 2008, lokacin da na sami gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, iyakar tafiyata Funtuwa. Sai na yi kamar mako biyu a cikin gari kafin a gama rajista a ba mu ɗaki, kuma masauki biyu ne a gabana. Kawuna, ƙanin Inna, yana Mabera, gidan siminti da janareto har da mota. Goggo kuwa, yayar Baba, tana Ƙofar Dundaye, a gidan ƙasa, mijinta ya rasu. Baba ya ce, "Ke za ki zauna, ke za ki zaɓa." Inna ba ta ce uffan ba, amma a gabana ta ƙulle daddawa da kuka ta ce na matar Kawu ne. Mai karatu ya san wannan ba zaɓen unguwa kaɗai ba ne.

Na yi lissafi irin na ɗiyar malamin firamare. Mabera tana kudancin gari, jami'a kuwa tana can Dundaye, sai an tsallake gulbin Rima ta Kwalkwalawa. Daga gidan Kawu kullum sai na ratsa gari a kan kabu-kabu (haka suke kiran acaɓa) kafin in sami motar makaranta. Ƙofar Goggo kuwa sunanta ma ya faɗi inda ta dosa, don ɗaya ce daga ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwa, kamar yadda Ƙofar Kware ta ci sunan Kware. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa Inna. Wanda ban faɗa ba, shekara tara rabon da wani daga gidanmu ya taka wurin Goggo, kuma na sha jin Baba yana ambatonta bayan sallar asuba.

Da la'asar sakaliya na isa. Na yi tsaye a zaure da akwati, sai na ji murya daga ciki, "Mi kit tsaya yi waje, ɗiyata? Taho ki sha hura." Shekara arba'in na aure sun mayar da Bakatsiniya Basakkwaciya sak!

Ba zan ɓoye ba, akwai wuya. Zafin garin ba a magana, ga sauron fadama, a tsakar gida muke kwana a kan tabarma. Amma ranar Juma'a Goggo ta riƙe hannuna muka taka da ƙafa har Hubbaren Shehu, inda aka binne shi a 1817, muka biyo ta Kanwuri ta nuna mini fadar Sarkin Musulmi. A hanya duk wadda muka gamu da ita sai ta ce, "Ɗiyar ƙanena ce, boko taz zaka yi." Kafin mako ya zagayo, mai ƙosai da mai kabu-kabun bakin lungu sun san sunana, har da mai cewa in bar kuɗin sai gobe.

Da ambaliyar 2010 ta yanke hanyar jami'a aka sallami ɗalibai, ko tunani ban yi ba, gidan Goggo na nufa.

Daddawar kuwa na kai Mabera a kwana na uku. Matar Kawu ta karɓa ta yi godiya a taƙaice, ta tambaye ni ko an sami ruwan wanka a can cikin gari. Sai da aka shekara kafin ta sake mini fuska, kuma har yau in na kira ta a waya, "'yar gidan Goggo" take ce mini.