Ranar da Kalmar "Shaft" Ta Ba Ni Kunya

A lokacin da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata makarantar sakandare, an ba ni aji biyu in riƙa koya musu Ingilishi. Wata ranar Talata muna karanta wani labari a kan masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu, sai muka iso jimlar da ke cewa ma'aikata sun shiga "shaft" da asuba. Wata ɗaliba ta tambaye ni ma'anar kalmar. Ni kuwa ma'ana ɗaya tak na taɓa haddacewa, wato kyauron kibiya, don haka na faɗa mata ba tare da na sake duban jimlar ba.

Nan take wani yaro ɗan bakanike ya ɗaga hannu, ya ce: "Malam, a garejin babanmu shaf ƙarfe ne da ke juya tayar mota. Kuma ta yaya mutum zai shiga cikin kyauro?" Aji ya fashe da dariya. Maimakon in saurare shi, sai na daka masa tsawa na ce ya zauna. Ya zauna, amma zuciyata ba ta zauna ba, domin na san tambayarsa ta fi amsata ƙarfi.

Da dare na ɗauko ƙamus. A tsohon Ingilishi kalmar "sceaft" ce, tana nufin sandar mashi ko ta kibiya, ashe ban yi ƙarya ba, rabin gaskiya na faɗa. Daga nan ta yaɗu zuwa ƙotar gatari da ta guduma, da jikin ginshiƙi, da tsakiyar dogon ƙashi irin na cinya, da tsinken da ke tsakiyar gashin tsuntsu. A wurin makanikai kuwa, ƙarfe ne mai juyawa da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, kamar yadda yaron ya ce. Haka nan ana kiran hasken rana da ya ratso ta kafar taga da wannan suna. Ita ce kuma sunan ramin da ake haƙawa a miƙe domin sauka wurin ma'adinai, irin na mahaƙar Mponeng ta Afirka ta Kudu mai zurfin kusan kilomita 4, wanda shi labarin namu yake nufi. A bakin 'yan Amurka har aikatau ce mai nufin cutar mutum ko danne masa haƙƙi.

Da na jera ma'anonin, sai na ga zaren da ya ɗinke mafi yawansu: abu dogo, siriri, miƙaƙƙe, ko na itace ne, ko na ƙarfe, ko na haske, ko rami. Sannan na tuna cewa Hausa ma haka take. Dubi kalmar "ci": a ci tuwo, a ci jarrabawa, a ci bashi, a ci amana, kasuwa ta ci. Duk baƙon da ya riƙe ma'anar farko kaɗai, zai ɗauka bashi tauna shi ake yi. Abin da na aikata ke nan a gaban ɗalibaina.

Washegari na tsaya gaban allo na ce: "Jiya na yi kuskure, ɗan'uwanku ne ya fi ni kusa da gaskiya." Na rubuta jimloli biyar, kowace da "shaft" a cikinta, na ce su gano ma'anar daga kalmomin da ke kewaye da ita. Yaron ya zana mana ƙarfen motar, ya yi bayanin aikinsa fiye da yadda zan iya. Daga ranar ya zama mai yawan tambaya. Da na bar tsawar jiya ta tsaya, mai yiwuwa da bakinsa ya rufe ke nan, sauran kuma su tafi da gurguwar ma'ana zuwa zauren jarrabawa.

Ya kai mai shirin zama malami, in ɗalibi ya tambaye ka ma'anar kalma, ka fara karanta jimlar da ta fito a ciki tukuna. In kuma ka buɗe ƙamus, ka bi ma'anonin har ƙasa, domin wadda kake nema sau da yawa ba ita ce ta farko ba.