A-kori-kurar Baba da dabbobin hanyar Wudil

Duk wadda ta tashi a Wudil ta san Juma'armu tun daren Alhamis take farawa. Da an idar da sallar isha'i za ki fara jin rurin manyan motoci suna hawa gada, ga kukan shanu daga Kara. Kasuwar dabbobin Wudil tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, daga nan ake lodin shanu a tireloli zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Mu yaran garin ba ruwanmu da wannan suna a lokacin. Abin da muka sani shi ne dabba maƙwabciya ce, dole ki san halinta kamar yadda kika san halin mutanen layinku.

'Yan uwana iyaye mata, wannan sanin ne nake ganin yana neman kuɓuce wa 'ya'yanmu. Ni kuwa a bayan wata tsohuwar mota na koye shi.

Babanmu, Allah Ya jiƙansa, yana da a-kori-kura ƙirar Peugeot 404, wadda kowa ke ce wa fijo. Ta hannu ya saye ta. An ce fara ce da can, amma mu da muka yi wayo launin ƙasa muka same ta. Giyarta a jikin sitiyari take, ƙofar mai zaman banza kuwa da igiya ake ɗaure ta. In sanyi ya shigo ba ta tashi sai an tura, don haka bayan sallar asuba Baba zai leƙo zaure ya ce, "Ina majiya ƙarfin gidan nan?" Mu fito da gudu, har da mu mata, mu tura ta zuwa gangare, ta yi tari sau biyu sannan ta kama. Kullum akwai jarkar ruwa a bayanta saboda lagireto. Kayan gyaranta ba sa wuya, domin tun 1975 ake haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma babu bakaniken da bai san cikinta ba.

Sana'ar Baba ita ce ɗauko awaki da tumaki daga ƙauyukan Utai da Garko da wajejen Gaya zuwa kasuwa. Idan an yi hutun makaranta yakan ɗauki biyu daga cikinmu, mu zauna a baya tare da dabbobin. A nan na gane cewa tunkiya in ta tsorata cusa kai take yi cikin 'yan uwanta, akuya kuwa sai ta leƙa ta ga abin da ke faruwa. A nan kuma wata jar akuya ta cinye gefen ɗankwalina na Sallah ina can ina kallon hanya. Na iso gida ina kuka, Inna tana faɗa, Baba yana dariya yana cewa, "Ki yi haƙuri, ita ma kwalliyar take so."

Ranar da ta fi zauna mini a rai wata yammacin damina ce, muna dawowa daga Garko. Motar ta ɗau zafi, Baba ya gangara gefen hanya ya buɗe gabanta, ya ce sai ta huce. Muna tsaye sai ga garken shanun Fulani, farare masu dogayen ƙaho, sun nufo mu gadan-gadan. Ina da shekara takwas. Na ɗaga ƙafa zan ruga, Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsaya cak, uwata. Kada ki gudu, kada ki ɗaga hannu. Saniya ba ta neman wanda bai firgita ta ba. Abu ɗaya dai, kada ki taɓa shiga tsakaninta da ɗan maraƙinta." Na tsaya jikina yana rawa. Garken ya rabu biyu ya kewaye mu da motar, ina jin hucinsu a wuyana, balbelu suna binsu suna tsintar fara. Wata saniya ta tsaya tana shinshinar awakinmu, sai wani yaro sa'ana, sanda a kafaɗa, ya kira ta da sunanta, ta juya ta bi shi. Ban taɓa sanin saniya tana da suna ba sai ranar. Kafin motar ta huce, mahaifiyar yaron ta iso da ƙwarya a ka, ta ɗebar mana kindirmo, Baba ya ba ta goro.

Tsaye-tsayen motar nan su suka zama makarantarmu. A irinsu Baba ya nuna mana bushiya ta dunƙule kamar ƙwallon ƙaya, ya hana Yaya ya kai ta gida. Ya nuna mana bambancin damo da guza. Ya koya mana kada mu tsaya a bayan jaki, kada mu zura hannu a ramin da ba mu ga ƙarshensa ba. In shamuwa ta sauka a bishiyoyin gari, yakan ce a fara gyaran indararo, ruwa ya kusa. Da motar ta gaji gaba ɗaya, a ƙofar gida ta zauna shekara da shekaru, kajin Inna suna yin ƙwai a kan kujerar direba, har ranar da 'yan gwangwan suka zo suka saye ta.

Yau ina aure a cikin Kano. Tsakaninmu da Wudil kimanin kilomita 40 ne, an faɗaɗa hanya, motar maigidana ba ta neman turi. Gilashi a rufe, kowane yaro ido a kan waya, har mu haye gada babu wanda ya ga ko balbela. Ɗana ya san sunayen dabbobin dajin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, amma ranar nan ya nuna tunkiya ya ce akuya. Autata kuwa ɗan tsako ne ya taka mata ƙafa a gidan kakarta, ta yi ihun da ya tara maƙwabta. An yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya dame ni. Na lura yaron da bai saba da dabba ba, ɗaya cikin biyu yake zama: ko ya riƙa tsoronta fiye da kima, ko ya riƙa zaluntarta, yana jifan ƙadangare da kyanwa don nishaɗi. Kuma irin wannan yaron ne ke jin ciwo lokacin Babbar Sallah, domin bai san inda ake tsayawa kusa da sa ko rago ba.

Wasu dabbobin ma ko an nema ba lallai a same su ba. Da muna yara ungulaye cike suke a mahauta, suna kwashe ƙazantar da za ta jawo cuta. Yaushe rabon da ki ga ungulu? Tun 2015 masana suka sanya irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da kuma farautarta don tsibbu. Ta yaya za ki fahimtar da yaro karin maganar "ungulu ba kya jewar banza" alhali bai taɓa ganinta ba? Jakin da ke ɗebo yashi daga Kogin Wudil shi ma ya yi ƙaranci ya yi tsada, saboda cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin, har sai da Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakuna don fata a watan Fabrairun 2024.

Ba zan dawo wa 'ya'yana da a-kori-kura ba, ba na ma fatan su sha wahalar turi da asuba. Amma abin da lalacewar mota ta yi mana, yanzu da gangan nake yinsa. In za mu gida nakan roƙi babansu ya tsaya in mun ga garke, mu sauke gilashi, in nuna musu saniya da maraƙinta, in gaya musu abin da kakansu ya gaya mini. Hutun da ya wuce baffansu ya kai manyan Kara da sassafe kafin cinkoso, yana riƙe da hannunsu, suka ga raƙumi ido da ido, suka ga yadda dillali ke buɗe bakin rago ya karanta shekarunsa a haƙora. Sati guda suna ba da labarin.

A gida kuma na koma ga al'adar iyayenmu. Da, kaka takan ba jikarta 'yar akuya, ta yi ta haihuwa har ta zama jari. Tawa ita ta biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare. Gidan haya ba ya ɗaukar akuya, sai na sayi kaji biyu na sa a akurki a bayan kicin, na ce na auta ne. Ita ke zuba musu dusa da ruwa kafin ta tafi makaranta, sannan ta wanke hannu da sabulu, wannan doka ce. Ranar da ta tsinci ƙwan farko, da hannu biyu ta kawo mini shi tana tafiya a hankali, tana cewa, "Umma, da ɗuminsa!"

Idan kina da ɗan fili a gidanki, ko na ajiye akurki ɗaya ne, ki gwada wannan hutun. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya raya mana zuri'a, Ya sanya musu tausayin duk wani mai rai.