Istoniya: Inda Sa Hannun Mutum Dubu Ke Tilasta wa Majalisa Zama

Istoniya ƙaramar ƙasa ce a gaɓar tekun Baltik, maƙwabciyar Rasha, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Da ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyet a 1991, aljihun gwamnati ba nauyi, sai shugabanninta suka rungumi kwamfuta hannu bibbiyu. A 1996 aka soma shirin haɗa makarantu da intanet. A 2002 aka fito da katin shaidar ɗan ƙasa wanda mutum ke sa hannu da shi daga ɗakinsa, a 2005 kuma aka fara kaɗa ƙuri'a ta intanet. A zaɓen majalisa na 2023, fiye da rabin ƙuri'u ta nan suka shigo.

Sai dai saukaƙa aiki daban, sauraron talaka daban. Tun 2001 gwamnati ta buɗe wani dandali mai suna TOM, inda kowa zai kawo shawarar doka. Jama'a suka yi ta rubutu da ɗoki. Ma'aikatu kuwa, tunda babu abin da ya tilasta musu aiki da shawarwarin, suka riƙa watsi da mafi yawansu, har mutane suka gaji suka janye jiki.

Abin da ya sauya lissafi shi ne badaƙalar kuɗin jam'iyya da ta ɓarke a 2012. Rai ya ɓaci ƙwarai. Shugaban ƙasa na lokacin, Toomas Hendrik Ilves, ya mara wa wani taron jin ra'ayin jama'a baya, aka tattara shawarwari ta intanet, aka tace su, aka kai majalisa. Daga nan aka samu dokar 2014: duk koken da mutum dubu suka sa wa hannu, dole majalisar dokoki, wato Riigikogu mai kujeru 101, ta miƙa shi ga kwamiti, a gayyaci masu koken, a yanke matsaya cikin wata shida. Ɗan shekara 16 ma yana da damar sa hannu, kuma a dandalin Rahvaalgatus da aka buɗe a 2016 kowa na ganin inda koken ya kwana. Majalisa na iya cewa a'a, amma ba ta da damar yin kunnen ƙashi.

Akwai wani tsari da ya fi wannan burgewa. Ɗan Istoniya kan shiga shafinsa na gwamnati ya ga wace hukuma ta leƙa bayanansa, da rana da lokaci. Jami'in da ya leƙa ba dalili, doka na iya hawa kansa.

Hanyar ba ta rasa ƙaya ba. A 2007 masu kutse suka durƙusar da shafukan bankuna da na ma'aikatu bayan rikicin ɗauke wani mutum-mutumin sojan Sobiyet daga tsakiyar Tallin, babban birnin ƙasar. A 2017 kuma aka gano ɓaraka a katunan shaida sama da dubu ɗari bakwai. Firaminista da kansa ya fito ya sanar da jama'a, aka dakatar da katunan har sai da masu su suka sabunta.