Inuwar da ke ciyar da kafe

Fataucin goro ne ya fara kai ni Kodebuwa a shekarar 1988. Daga Maraɗi na sauka Anyama, kusa da Abijan, sa'an nan na bi sawun goro har yankin Man, ƙasar duwatsu da kafe. A can ne mai masaukina, wani dattijo, ya shiga da ni gonarsa. Na yi zaton zan ga fili sarai irin namu, sai ga ni cikin duhuwa: manyan itatuwan daji a sama, itatuwan goro da ayaba a tsakiya, kafe kuma can ƙasa cikin sanyi.

Na ce masa: "Baba, me ya hana ka sare waɗannan itatuwa, kafenka ya sha rana?" Ya yi murmushi, ya ce: "Ɗana, wanda ya sha rana yakan yi saurin haihuwa, yakan kuma yi saurin tsufa."

Daga baya na gane maganarsa. Kafe ɗan kurmi ne tun asali. Irin da ake kira arabika ma a dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ya samo tushe, ƙarƙashin inuwa. Ganyen da ke zuba ya zama taki, ƙasa ta riƙe damshi, saiwoyi su hana ruwan sama kwashe ta. Gonar da aka tsiraita takan ba da amfani mai yawa a farko, amma sai an riƙa ɗura mata takin zamani.

A shekarar 1989 yarjejeniyar da ke tsare farashin kafe a duniya ta rushe, farashi ya faɗi warwas. Da na koma, maƙwabtansa da suka sare kome suna cikin bashi. Shi kuwa goronsa ya sayar mini, ya biya kuɗin karatun jikokinsa.

Kunya ta kama ni, domin da hannuna na sare gawo uku a gonar mahaifina, wai suna cin wuri. Alhali gawo yakan zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ba shi taki.

Ya kai mai karatu, idan kana da gonar gado, ka duba ta kafin ka aika da gatari. Ni dai yau gawo bakwai ke tsaye a tamu, kuma ko jikana ya san ba a taɓa su.