Launin Ɗakin Jariri a Gidan Haya

Mu masu sayar da yadi mu ke fara sanin launin da ake yayi. Na daɗe ina sayar da yadin labule da zanin gado a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, kuma na ga yadda idon masu ciki ya sauya. A da, in asibiti sun ce mace ce, ruwan hoda za a nema, in namiji ne shuɗi mai haske. Wannan rabon na Turawa ne, su ma sai a ƙarni na 20 ya zauna musu. Yanzu kuwa waya za a miƙo miki da hoton Instagram: bango ruwan madara ko ruwan toka, labule ruwan ƙasa, ɗan kore mai sanyi a gefe, komai a koɗe kamar an wanke shi sau goma.

Ba na faɗa da yayi, da shi nake ci. Sai dai ɗakunan da ke cikin hotunan nan na masu gidan kansu ne, a ƙasashen da sauro bai dame su ba. Mu kuwa yawancinmu ciki da falo muke haya, ɗakin jariri kuma lungu ne a gefen gadon uwarsa.

Bara 'yata ta fari ta samu ciki. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san dalili. A garinmu da gida za ta koma wankan jego, amma ɗakina a nan ya cika da dilolin kaya, sai muka shirya ni zan tare a wurinta har arba'in. Tana wata bakwai ta ce mini, "Umma, so nake a shafe ɗakin da kore mai duhu, ranar suna kowa ya shigo ya san na shirya." Na gane abin da ke ranta. Yarinya ce a baƙon gari, dangin miji za su zo daga gida, ba ta so a koma da labarin an same ta a ɗaki tsirara. Kuɗin fentin kuwa daga jarin mijinta zai fito.

Na ce mu fara duba ɗakin kafin mu duba waya. Taga ɗaya ce, tana kallon katangar maƙwabta. Sauro yana son laɓewa a wuri mai duhu, a bango mai haske kuwa tun daga ƙofa za ki hango shi. Ga danshin bakin teku: damina biyu ake yi a Kwatano, bango yana tsatsafo da ruwa ya yi fumfuna. Launi mai haske zai tona ta da wuri, a goge kafin jariri ya yi ta shaƙa.

Sai maganar fentin kansa, wadda ta fi launi nauyi. Fentin mai, musamman rawaya da ja masu ƙyalli, a cikinsa aka fi samun gubar dalma, ita kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ko kaɗan ba ta da kyau a jikinsa. Yaro in ya fara rarrafe, ɓawon bango ma abinci ne. Don haka fentin ruwa muka saya, ruwan madara, aka shafa saura wata biyu ta haihu. Ta dawo wurina ta yi mako guda, aka bar taga a buɗe har wari ya fita.

Shi mai ɗakin ma bai san ana yi ba. Jariri sabon haihuwa ganinsa bai wuce tazarar fuskar mai shayar da shi ba, kuma abin da ya fi kamawa shi ne baƙi a kan fari. Sai ya yi watanni kafin ya rarrabe launuka sosai. Koɗaɗɗun launukan yayi idon manya suke yi wa aiki.

Koren da take so bai ɓata ba, a yadi muka sa shi: labule, zanin gado da rigar katifar jariri. Gidan sauro fari. A bangon da ke gefen gado, inda hannu ba zai kai ba, na rataya zanen saƙi mai ratsin shuni da fari, wanda mahaifiyata ta goye ni da shi. Ranar suna surukarta ta daɗe tsaye a gabansa, ta ce rabonta da irinsa tun tana amarya.

Za ku ce mai yadi tana tallar hajarta, ban musa ba. Amma ku lissafa da kanku. Bango na mai gida ne, ranar da ya ƙara kuɗin haya ko kasuwa ta juya kuka tashi zuwa Lome ko Akara, fenti a nan zai zauna, wataƙila ma ya ce ku mayar masa da launinsa na da. Labule kuwa ninkewa za ki yi ki sa a jaka. Ki bar bango da haske, ki zuba launin da ranki ke so a abin da zai bi ki.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da muka samu.