Rumbun Jama'a a Birnin Kudu da Gwaram

In ka bar Kano ka bi ta Wudil, tafiyar wajen mil 80 za ta kai ka Birnin Kudu. Gari ne mai manyan duwatsu. A jikin waɗansu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu na mutanen dā, wanda masana suka fara bincikensa a shekarun 1950. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Gwaram, kusa da iyakar Jihar Bauchi. Dukan garuruwan biyu suna ƙarƙashin Kano ne har 1991, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Yanzu suna cikin masarautar Dutse.

Matafiyin da ya bi hanyar nan da kaka zai ga dammunan gero da dawa jere a gonaki, da motoci cike da buhuna sun nufi kasuwar Sara. Amma ba dukan hatsin nan ne ke tafiya kasuwa ba. Manomi Musulmi wanda amfaninsa ya kai nisabi yakan fid da ɗaya cikin 10 idan noman damina ne, ɗaya cikin 20 kuwa idan da wahalar ban ruwa aka samu. A zamanin Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, kwamitin zakka na masarautar ya yi suna ƙwarai. Ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa da limamai akan tara hatsi da dabbobi da kuɗi, sa'an nan a raba wa mabukata gunduma gunduma, a gaban jama'a.

Ƙarfin wannan tsari shi ne sanayya. Mai unguwa ya san gwauruwar da rumbunta ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Ya kuma san mai kukan talauci alhali yana da shanu a daji. Baƙo daga birni ba zai gane wannan ba.

Amma fa zakka tana da waɗanda aka ƙayyade mata, mutane ne mabukata. To, ƙungiyoyin taimakon kai da kai fa? Samarin da ke gayyar yashe lambatu, da iyayen da ke son rufe ajin da iska ta yaye, da matan da ke adashi domin sayen injin niƙa, yawanci karo-karo ne kaɗai madogararsu. Idan damina ta yi gardama, aikinsu ya tsaya cik.

A birnin Cleveland na Amurka, a 1914, wani ma'aikacin banki mai suna Frederick Goff ya kafa asusun gari domin irin wannan bukata. Masu hali da marasa ƙarfi suna zubawa. Ba a taɓa uwar kuɗin, ribar da ta haifa ce ake ba ƙananan ƙungiyoyin garin kowace shekara, bayan kwamiti ya duba roƙonsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, gama haka waƙafi yake: a keɓe gona ko rumfar kasuwa, ba a sayarwa, ba a gāda, amfaninta kuwa na jama'a ne.

Ya mai karatu, mu ma mun saba da zakka da baikon godiya na kaka. Sau da yawa kafin bazara an cinye duka. Da ikilisiya ko zumuntar mata za ta keɓe gona ɗaya, ta zaɓi amintattu uku ko biyar, a rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, a karanta a gaban kowa, da rijiyar unguwa ba ta jira baƙo kafin a gyara ta ba. Rijiyar kuwa Kirista da Musulmi duk daga cikinta suke sha.